Magarya a Gidan Alhaji Mati

Ƙaya ce ta haɗa su. Hussaini ya taso daga Sule Tankarkar da hantsi ya nufi Ɗanzomo a kan kekensa, da akwatin magani ɗaure a baya wanda rabinsa fanko ne, sai ya ji tayar gaba ta yi fus ta kwanta. Ya sauka ya zaro ƙayar magarya guda, ya tsaya yana kallonta kamar za ta ba shi haƙuri.

Shekarar fari ce. Daminar 1973 ta zo ta wuce ba ta bar komai ba sai karan gero da bai kai gwiwa ba. Shi kuwa watansa huɗu ke nan da aka turo shi daga Gumel ya riƙe ɗakin shan magani na Ɗanzomo, kuma tun da ya zo bai yi barcin da ya ishe shi ba.

Yana tura keken cikin rairayi sai ya ji ana dukan reshe a bayan wani kurmin magarya. Ya leƙa. Wata budurwa ce doguwa, ta shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, tana kaɗo 'ya'yan da sanda. Tana ganinsa ta yi maza ta jawo faifai ta rufe ƙwaryarta.

"Sannu da aiki, 'yammata."

"Yawwa, sannu Malam." Ta dubi tayar, ta dube shi. "Keken ne ya gaji ko mai keken?"

"Duka biyun. Shi dai ya fi ni gaskiya ne, ya kwanta."

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Hannunta duk karce ne na ƙaya, sabo a kan tsoho. Ta ɗan yi jim, sannan ta ɗaga faifan ta ɗebo masa cikin tafi. Ya jefa biyu a baki. Zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, rabonsa da ita tun yana firamare.

"Ga magarya birjik a bakin gari," ya ce, "me ya kawo ki nan, tafiyar awa guda?"

"Ta nan ta fi zaƙi," ta ce, ba ta dube shi ba.

Ya san ba amsar ba ke nan, amma gajiya ta hana shi bin zancen. Sunanta kawai ya samu, Rahamatu, 'yar gidan Alhaji Mati. Ya ƙarasa gari yana tura keke, kuma a ranar ne karo na farko da rairayin nan bai ba shi haushi ba.

Aikin Hussaini a wannan shekara ba aiki ba ne, jan rai ne. Allura ta ƙare, ƙwayoyin ƙarin jini sun ƙare, abin da ya rage sai shuɗin maganin miki da gishiri. Ga kuma wani ciwo ya shigo cikin yara: dasashi ya kumbura ya yi baƙi, da an taɓa sai jini, yaro ya yi ta kukan ƙafa, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Ya san ciwon, ya karanta shi a makarantar koyon aikin lafiya a Kano. Rashin ɗanyen abu ne a ciki, rashin sinadarin nan da ake kira bitamin si. Littafin ya ce a ba su lemo. Ya kan tuna wannan shafi ya yi murmushin takaici, don in da akwai lemo guda a Ɗanzomo a wannan shekara, da an je kallonsa.

Wata safiya Rahamatu ta kawo ƙanwarta Larai, 'yar shekara shida, ƙaya ta karye mata a tafin ƙafa. Ya cire ƙayar, sannan saboda sabo ya ce ta buɗe baki. Ya duba, ya sake dubawa. Dasashi ja, lafiya lau, haƙora daram.

"Me kike ba ta?"

"Abin da kowa ke ci."

"Rahamatu, na duba bakin yara sun fi ɗari a watan nan. Abin da kowa ke ci ba ya yin haka."

Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta rage murya. Magarya ce. Ɗanya su ci, sauran ta shanya ta daka, ta tankaɗe, ta dunƙula garin da ɗan ruwa. Da safe kuma in ta dama tsararon kunu, sai ya huce ta zuba masa farin garin cikin 'ya'yan kuka, don ya yi tsami yara su sha. Aduwa ma tana ba su, amma kaɗan, don tana sakin ciki.

Hussaini ya zauna a kan benci kamar wanda aka sauke wa kaya. Abin da yake nema a littafi, ashe yana rataye a kan kowace ƙaya da ke huda masa taya. Har hucewar kunun nan daidai ce, don zafin wuta yana kashe amfanin.

"Kin san kin fi ni likitanci?"

"Ai ba wuya a fi Malam Ruwan Gishiri," ta ce, don ta ji labarin abin da yake ba kowa ya kuskure baki da shi. Ta ɗauki Larai ta saɓa. A bakin ƙofa ta juyo, fuskarta ba wasa. "Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Ya ce to. A ransa ya ɗauka kunyar 'yammata ce kawai.

Daga nan ya fara zuwa zance bayan la'asar. Gidan Alhaji Mati gida ne babba, zaure mai faɗi, a tsakar gida ga ƙaton rumbu a yaɓe da laka, ana hango kansa daga waje. Alhajin tsohon dillalin gyaɗa ne, wanda a shekarun albarka motoci ke layi a ƙofarsa. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, shi ya sa Rahamatu ta kai sha tara a gida, tana riƙe da ƙannenta huɗu. Kullum bayan magariba dattawan unguwa su biyar har da shi suna haɗuwa a zaurensa ciyayya, kowa a fito masa da akushinsa a ci tare, kuma akushin Alhaji bai taɓa fitowa ba tuwon gero a ciki ba. Duk garin ana cewa, fari ko ba fari, gidan Alhaji Mati dai Allah ya rufa asiri.

Zancensu ba na masoya masu ƙarfin jiki ba ne. Sau da yawa sukan yi shiru, ita ta jingina da bango, shi a kan tabarma, kowa na hutawa da ganin ɗan'uwansa.

"Rahama, yau na ga yara arba'in."

"Ni kuma na ga huɗu, amma sun kai arba'in ɗin."

"Da na aure ki, sai ki huta."

"Da ka aure ni, sai su zama biyar." Ta yi murmushi. "Amma na yarda. Na biyar ɗin yana da keke."

Ya riƙa kiranta Likitata, ita kuma ta ƙi sakin Malam Ruwan Gishiri, sai dai in ta ga ya yi laushi ƙwarai, sannan ta ce masa Yayana, a hankali, kamar tana lallashin mai zazzaɓi. Alhaji bai hana ba. Ya ma fara cewa yaron nan na Gumel yana da ladabi, a turo manyansa bayan Sallah.

Sai ranar da Hussaini ya ɓata komai da bakinsa.

A wannan mako yara biyu sun zubar da haƙora a hannunsa, ɗaya ya kasa tsayuwa. Ya roƙi mai gari ya tara magidanta bayan sallar Juma'a. Ya tashi ya yi bayani dalla-dalla, cewa maganin ciwon nan yana daji kyauta, magarya da 'ya'yan kuka da tsamiya, a riƙa ba yara kullum, a sa a abinci.

Aka yi gunaguni. Wani ya ce magarya ai lasar yara ce da awaki, ba abincin gida ba. Wani ya ce gwamnati ta turo hatsi, ba ta turo mai aika su kiwo ba. Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce su dai ba su kai ga cin daji ba tukuna, alhamdulillahi.

Ran Hussaini ya ɓaci. Ga gajiya, ga ganin yaran nan a idonsa. Ya hango Alhaji Mati a sahun gaba cikin farar riga, mutumin da kowa ke girmamawa, sai ya ga ai ga hujjar da ba mai musawa.

"To ku tambayi Alhaji Mati! Wata uku ke nan abin da yaransa ke ci safe da rana, magarya da kuka. Ku je ku buɗe bakinsu ku gani, ko ɗaya bai kamu ba!"

Shi yabo ya yi. Wallahi yabo ya yi. Sai da ya ji shirun da ya biyo baya sannan ya gane ya yi ɓarna. Ba wanda ya dubi Alhaji, kuma wannan rashin duban ya fi duba ciwo. Kowa a wurin ya gane abin da shi ɗan ma'aikacin da ya tashi a kan albashi bai gane ba: gidan da yara ke wuni a kan magarya, rumbunsa ba komai a ciki. Alhaji ya miƙe a hankali, ya sa takalmansa, ya bi ta gefen taron ya tafi.

Washegari Gwaggo Cindo, ungozomar garin, ta zo karɓar auduga, ta ajiye masa takarda a kan tebur ta ce, "Kai dai an yi mai dogon baki." Rahamatu ta yi aji huɗu a firamare, rubutunta manya-manya ne, a tsaye.

"Zuwa ga Malam Hussaini. Bayan gaisuwa. Na ce maka ta tsaya tsakaninmu. Rumbun nan tun kaka ba komai a ciki, ni na yaɓe shi da hannuna don kada a sani. Ɗan geron da muke samu na tuwon Baba ne da ake fitarwa zaure, mu kuma mu ci abin da ka faɗa wa duniya. Shi ya sa nake zuwa daji mai nisa. Baba bai fita ciyayya ba jiya. Ya ce kada ya sake ganinka a ƙofarsa, kuma kada ya sake ganin magarya a gidansa. Ban san ko ina fushi da kai ba, na gaji da yawa ban iya tantancewa ba. Rahamatu."

Ya karanta sau uku a tsaye. Ya rubuta amsa, ya yaga, ya sake.

"Likitata. Ba ni da abin cewa. Na so in ɗaga ki ne sai na kayar da gidanku. In Baba ya yarda zan zo gaban mutanen nan in durƙusa in ba shi haƙuri. Ki yafe mini. Ban ci abinci ba tun jiya, ba don ki tausaya mini na faɗa ba. Naki, Hussaini."

Amsar ta zo gajeruwa.

"Kada ka kuskura ka ba shi haƙuri a gaban mutane, sake tona shi ne. Kuma ka ci abinci, ba a wasa da shi bana."

Aka yi Sallah, manyansa ba su zo ba, don ba wurin zuwa. Zafi ya shigo. Zauren Alhaji ya zama a rufe, ko masallaci sai ya bari an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fice. Ana nan sai ga wata babbar mota ta fara tsayawa a ƙofar gidan duk ranar Alhamis, in an taso daga kasuwar Maigatari. Ta Ubale ce, wani matashin direba mai jigila tsakanin iyaka da Gumel, wanda ya daɗe yana son Rahamatu. Ya ji abin da ya faru kamar yadda kowa ya ji, ya zo gaisuwa da buhun garin rogo da na dawa.

Hussaini ya ga ana sauke buhunan da idonsa. Ya koma ɗakin shan magani ya zauna ya dubi akwatinsa. Me zai kai? Gishiri? Bai ga laifin Ubale ba, bai ga laifinta ba. Yarinyar da ta yi wata uku tana tsinta cikin ƙaya, in ta zaɓi mai buhu, wa zai ce ta yi kuskure? Ya daina rubuta takarda. Ya riƙa yin aikinsa kamar jakin da ya san hanya, a tafi a dawo.

Abu guda ya lura da shi a waɗannan makonni. Bakin wasu yara ya fara gyaruwa, kuma 'ya'yan mutanen da suka fi kowa dariya a ƙofar mai gari ne. Yana buɗe bakin yaro sai ya ga ɓawon magarya maƙale a haƙori. Bai ce wa kowa komai ba. Ya riga ya koyi wannan karatun da tsada.

Wata biyu da rabi bayan taron, Gwaggo Cindo ta sake ajiye masa takarda.

"Yayana. Shirunka ya yi yawa. Na ji an ce ka ɗauka na karɓi Ubale. Na gaya masa gaskiya tun zuwansa na biyu, ya ce ya ji, abincin na yara ne ba nawa ba, Allah ya saka masa. Amma ga abin da ya sa na rubuto. Tun da Baba ya hana, garin rogo da dawa kawai muke ci. Yau da safe Larai ta ciji abu na ga jini. Tana kukan ƙafa. Na nuna wa Baba ya juya kai, na ga hawaye a idonsa, amma bai ce komai ba. Ba zan saɓa masa a ɓoye ba, abin da ya rage masa ke nan, a ji maganarsa a gidansa. Ka san yadda za ka yi. Ni har yanzu taka ce, in kana so."

Ya ji daɗi ya ji tsoro lokaci guda. Magarya ta riga ta ƙare a daji. Washegari da asuba ya hau keke har wajen Gagarawa inda aka ce akwai sauran 'ya'yan kuka, ya cika buhu ya dawo da azahar, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Ya ba Gwaggo Cindo ta kai. Ba a jima ba ta dawo da buhun a ka.

"Ya ce a gaya maka gidansa ba na mabarata ba ne."

Hussaini ya daɗe zaune. Daga nan ya tashi ya nufi gidan Malam Sa'idu, babban aminin Alhaji a cikin 'yan ciyayya, shi ne kuma dattijon da ya ce ba su kai ga cin daji ba. Ya same shi shi kaɗai a gindin bango yana jan carbi. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ni ne na yi ɓarna, ni ya kamata in gyara, amma ba ni da hannun gyarawa. Ina duba bakin yaran garin nan kullum. Abin da nake gani, daga ni sai Allah, ba zan sake faɗin na kowa ba har in mutu. Amma akwai yarinya guda da za ta rasa haƙoranta, wataƙila fiye da haƙora, saboda mahaifinta yana ganin shi kaɗai ne a garin nan."

Malam Sa'idu ya tsayar da carbin. Ya dubi Hussaini ya daɗe, don ya san jikansa Isa na cikin yaran da bakinsu ya warke, ya kuma san Hussaini ya sani.

"Tashi ka tafi," ya ce. "Gobe bayan magariba ka zo ƙofar Alhaji. Ka tsaya a waje. Kuma ka zo da bakinka a rufe."

Ya zo, ya raɓe a gefen ƙofa. Ya ga dattawan nan huɗu sun taho a jere, kowa riƙe da akushinsa da kansa, abin da ba a saba gani ba. Malam Sa'idu ya yi sallama har sau uku kafin Alhaji ya buɗe. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Mun zo ciyayya," in ji Malam Sa'idu. "Ka hana mu zaurenka wata biyu, mun gaji da cin abinci a tsaye."

Kunya ta hana Alhaji korarsu. Aka shimfiɗa tabarma. Malam Sa'idu ya jawo akushinsa ya buɗe. Dunƙulen garin magarya ne, guda shida, ja-ja. Na biyu ya buɗe, tsararon kunu ne da garin kuka. Na uku tafasasshen ganye ne ba ƙuli ba gishiri. Na huɗu ya buɗe nasa, ba komai a ciki, ya ce yau ta yara ce, shi ya zo taya hira.



"Mati," in ji Malam Sa'idu, bai ce Alhaji ba, kamar suna yara. "Tun kaka nake fito da tuwo don kada ka raina ni, kai kana fito da shi don kada in raina ka. Jikokina suna kallon akushin yana wuce su. Ni dai na gaji. Wallahi na gaji. Yaron nan da ya yi magana, gidanka ya ambata, amma kowannenmu ya koma gida yana gumi."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka motsa sau ɗaya, sau biyu. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki dunƙule guda, ya gutsura, ya tauna a hankali.

"Taka ba ta kai ta Rahamatu laushi ba," ya ce da dusasshiyar murya. "Ba ku tankaɗewa ne?"

Dariyar da aka yi ta tsofaffi ce, rabinta tari. Alhaji ya share fuska da hannun riga, ya dubi ƙofa.

"Wanda ke tsaye a wajen nan tun ɗazu yana tare mana iska, ya shigo."

Hussaini ya shigo ya zube. Ya buɗe baki zai yi magana, Malam Sa'idu ya harare shi, ya rufe.

"Ina buhun da na mayar maka?"

"Yana nan, Baba."

"Je ka ɗauko. Ka shiga ka duba mini Larai."

A tsakar gida Rahamatu ta riƙe masa fitila yana duba bakin yarinyar. Da ya gama, ya shiga nuna mata yawan garin da za ta riƙa jiƙawa sau uku a rana.

"Ni za ka koya wa?" ta ce.

"Tuba nake, Likitata."

"Ka rame."

"Ke ma."

"To mun yi daidai," ta ce, hawaye na zuba tana murmushi.

Cikin kwana goma jinin ya tsaya, cikin wata guda Larai tana tsalle a tsakar gida. Mata suka daina zagayawa daji mai nisa, aka riƙa fita neman kuka da tsamiya a ƙungiya, da rana tsaka, ana hira. Yunwa ba ta tafi ba, an binne waɗanda aka binne, amma ciwon baki ya ja baya a Ɗanzomo. Da ruwa ya sauka a daminar 1974, Alhaji ya aika Gumel cewa manyan Hussaini su zo.

An ɗaura auren bayan an yanke gero, a zauren nan, ranar Asabar da hantsi. Ba a yi wani shagali ba, kowa bai gama farfaɗowa ba. Ubale ne ya ɗauko 'yan Gumel a motarsa, ya ƙi karɓar ko godiya. Da liman ya shafa fatiha aka fara miƙewa, sai Alhaji Mati ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Zauren cike yake, har waje, kusan duk waɗanda suka zauna a ƙofar mai gari a waccan Juma'ar suna nan.

"Jama'a, ku shaida. Yarinyar nan da na bayar yau, ita ta ciyar da gidana a shekarar fari, ba ni ba. Rumbuna ba komai a ciki. Da ƙaya a hannunta ta riƙe mini 'ya'ya huɗu ba wanda ya faɗi, ni ina zaure ina cin tuwo. Ban taɓa ce mata sannu ba. To yau na faɗa, kowa ya ji." Ya juya ya dubi ango. "Hussaini, ga ta nan. Ta gaji. Ka hutar mini da ita."

 Hussaini ya gyaɗa kai, idanunsa sun cika.

Gwaggo Cindo ce ta kai maganar cikin gida, kalma ba ta rage ba. Rahamatu tana lulluɓe a tsakiyar ƙawaye, ta saurara har ƙarshe, sannan ta kifa kai a cinyar tsohuwar ta yi kukan da ta yi shekara guda tana ɗagawa. Ba wanda ya ce ta yi shiru. A waje dattawa suna ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo zuriya mai jin ƙai, Allah kada ya maimaita mana irin bara. Aka amsa da amin har bakin titi.